Ejensin tafiye-tafiyen ofishinmu: sun fitar da mu kunya, amma lissafinsu sai a hankali

Ni nake riƙe da harkar tafiye-tafiye a ofishinmu, ba wai karatunta na yi ba, kawai teburina ne kusa da na akanta. Riɗi da zoɓo da citta muke fitarwa waje, a kasuwar Dawanau ta Kano muke saye, to yawo ba ya ƙarewa, yau Legas wajen tashar jirgin ruwa, gobe Abuja wajen takardu. Da can kowa shi yake yankar tikitinsa ya kawo risit a biya shi, wani ma risit ɗin ya ɓata sai dai rantsuwa. Shi ne Alhaji ya ce a damƙa wa ejensi ɗaya komai, tikiti da otal da biza da motar ɗauka, ƙarshen wata su turo lissafi a biya gaba ɗaya. Ba zan kama sunansu ba.

Tafiyar Gulfood ta Fabrairun 2025 ce ta sa na yarda da su. Duk mai harkar kayan abinci ya san baje kolin nan na Dubai, kuma tunda aka rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022 ba a buɗe ba sai Yulin 2024, Alhaji a ƙage yake, ya riga ya tsara zama da masu saye daga Indiya da Turkiyya. Tsarin shi ne Alhaji da abokan tafiyarsa su tashi Kano da safe su sauka Legas, da yamma su hau na Dubai. Sai aka wayi gari da hazo, irin wanda kana tsaye a ƙofar gida ba ka hango ƙarshen layi. Ko sallar asuba ban gama lazimi ba wayata ta yi ƙara, Hajiyar da take kula da fayil ɗinmu a ejensin ce, ta ce "Malam, kar ku tsaya jiran sanarwa, jirgin da zai ɗauke su daga Legas yake zuwa kuma da wuya ya iya sauka a filin Malam Aminu Kano yau, ka ba ni izini yanzu in taɓa tikitin." Na ce Hajiya bari in kira Alhaji, ta ce kira shi ina kan layi.

Abin da ban sani ba sai ranar, idan jirgin waje ya tashi ba ka zo ba kuma ba ka soke ba, tarar rashin zuwa za a ɗora maka, sannan tikitin dawowarka ma ya mutu da kansa. Ita kuwa tun kafin lokaci ta cire su daga na Legas, ta samo musu kujeru ta Abuja da sauka a Adis Ababa, ta turo mota ta kwashe su ta Zariya da Kaduna, ta kira otal ta ce kar a ba wa wani ɗakunan don baƙin za su makara. Duk a WhatsApp, kowane mataki da hoton takarda. Mutanen da suka tsaya a filin jirgi har la'asar ana ce musu a ƙara haƙuri. Alhaji ya isa Dubai a gajiye yana mitar bayansa amma bai rasa zama ko ɗaya ba, kuma wallahi ranar da an ce in ba su maki ɗari bisa ɗari zan bayar.

Sai lissafi ya zo.

Nan na zauna da akanta muka bi layi-layi, shi ne na gane ai tun farko su ne suka raba tikitin gida biyu, Kano zuwa Legas daban, Legas zuwa Dubai daban, wai ya fi arha, kuma babu wanda ya gaya mana cewa in na farko ya makara kamfanin na biyu ba ruwansa. Wato ramin da suka ciro mu su suka haƙa shi. Kuma sun caje mu kuɗin aiki a kan yankan farko, sun caje a kan sokewa, sun sake caja a kan sabon yanka, mutum uku, kowanne nasa. Farashin dalar da suka yi lissafi da shi kuwa ko a Wapa wajen 'yan canji ba a kai haka ba ranar, da na yi magana aka ce "na kamfani ne". Wane kamfanin?

Tunda na fara tonawa sauran ma suka dawo min. Manhajar da suka yi ta kurantawa lokacin neman kwantiragi, wai ma'aikaci ya nemi tafiya manaja ya danna amincewa a ga nawa kowane sashe ya kashe, har yau rabinta ba ya aiki, a WhatsApp ɗin dai muke komai. Mun rubuta musu ƙa'ida cewa in ba Alhaji ba kowa kujerar talakawa, sai ga wani manaja an yanka masa ta manya don ya kira su kai tsaye ya yi musu murya. Akwai yaronmu da suka rubuta wa Mohammed alhali Muhammad ne a fasfo, gyaran ma sai da aka so a ce mu za mu biya.

Hajiyar ita ba ni da abin cewa a kanta, Allah ya saka mata, amma an ɗauke ta daga fayil ɗinmu an kawo wani saurayi mai amsa saƙo bayan an gama buƙatarsa. Alhaji yana so a sabunta da su, shi Dubai kawai yake tunawa. Ni na ce sai an rubuta a takarda: duk tikitin da za a raba biyu a faɗa mana tukuna, farashin dala a nuna na ranar, kuɗin aiki sau ɗaya a tafiya ɗaya. Kuɗin tikitin Kano zuwa Legas ɗin da jirgi bai tashi ba kuma har yanzu ba su dawo ba, kullum "ana kan bi".