Gargaɗi kan mai "ceto bidiyo" da ya ci mini naira 185,000 kuma ya goge faifan mahaifina

Na shafe mako uku ina jinkirta wannan rubutu saboda kunya, domin ba abu ne mai sauƙi ba mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana koyarwa ya fito ya ce wani yaro da bai kai ƙanensa ba ya yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma naira 185,000 na tura masa a karo huɗu, kuma kuɗin ba su ne babban abin da na rasa ba, shi ya sa na ga shirun ba zai amfane ni da komai ba.

Yayana ya sayi kyamarar Sony Handycam mai ɗaukar bidiyo kai tsaye a kan ƙaramin faifan DVD, irin mai faɗin santimita 8 wanda yake cin kusan minti 30 a matsakaicin inganci, kuma da ita aka ɗauki duk wani taron gidanmu tsakanin 2006 da 2009. Fayafayai goma sha huɗu suka rage a cikin akwatin Hajiya, kowanne a gidansa na roba. Biyu daga ciki na walimar dawowar mahaifinmu daga aikin Hajji ne, kuma a na biyun ne yake zaune a kan darduma yana yi wa jikokinsa addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Allah ya yi masa rasuwa shekara shida da suka wuce. Niyyata ita ce in kwashe hotunan zuwa kwamfuta, in tace su, in haɗa bidiyo guda da za a raba wa dangi kafin bikin 'yar yayana, wadda tana cikin jikokin da aka yi wa addu'ar.

Ina so a fahimci cewa ban je wurin mutumin nan da jahilci tsantsa ba. Na yi ƙoƙarina tukuna. Na san laftof ɗina ba ta da wurin sa faifai, na ari na'urar karanta faifai ta waje mai tire, wadda take da ɗan zurfi a tsakiya daidai ƙaramin faifai, domin an gargaɗe ni cewa irin wadda ake zura faifai ta tsaga tana iya riƙe ƙaramin ya maƙale a ciki. Fayafayai tara sun buɗe, na ga folda mai suna VIDEO_TS da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. Da na ja su zuwa manhajar tace bidiyo, wasu ta ƙi karɓa sam, wasu ta karɓi hoton ba sauti, wani kuma bidiyon rabin awa ne amma ta nuna tsawonsa bai kai minti ɗaya ba. Sauran biyar ɗin kwamfuta ta ce babu komai a cikinsu, har tana tambayata yadda nake so in yi amfani da su kamar sababbi. Da na juya bayansu a hasken taga ina ganin zoben da aka yi rubutu a kai ya fi sauran wurin duhu, saboda haka na san da abu a ciki, ban danna komai ba. Na biyun walimar Hajji yana cikin waɗannan biyar.

A wannan hali na rubuta tambaya a wani zauren masu ɗaukar hoto a Facebook, kuma ba a yi awa ɗaya ba ya biyo ni ta saƙon sirri. Abin da ya fara rubutawa shi ne, "Malam, don Allah kada ka yarda kwamfuta ta yi wa faifan nan fomatin." Wannan jimlar ce ta kama ni, kuma har yau ita nake juyawa a raina idan na kwanta. Gaskiya ce ya faɗa, domin fomatin, wato sake tsara faifai kamar sabo, yana iya lalata abin da ke cikinsa. Mutumin da ya zo cutarka ya fara da gaya maka gaskiyar da za ta kare dukiyarka, ta yaya za ka zarge shi? Bai ga fayafayan ba, amma ya faɗi cewa wasu suna nuna babu komai, ya faɗi cewa sauti ne yake ɓacewa, ya ambaci VOB kafin in ambata. Da na gaya masa abin da ke cikin faifan, sai ya turo saƙon murya yana cewa, "Allah ya jiƙan Baba, Malam, wannan aikin ko don lada ma zan yi shi." Duk wanda zai ce ni wawa ne, ina so ya gaya mini a wane wuri cikin wannan maganar ya kamata in gane ɗan damfara ne.

Naira 35,000 ya fara karɓa, kuɗin bincike da somin aiki. Bayan kwana huɗu ya ce fayafayai biyar ɗin sun "mutu", sai da wata manhaja ta musamman mai lasisi daga Jamus, naira 60,000, kuma manhajar za ta zama tawa bayan an gama. Na tura. Daga nan sai naira 48,000 na wata na'ura da ya ce tana Legas, sannan naira 42,000 na kawo ta da sallamar mai ita. Duka naira 185,000 ke nan, albashina na fiye da wata guda, kuma ina da shaidar kowace tiransifa.

Na tsallake wani abu, kuma shi ya fi muhimmanci. Tun kafin naira 60,000 ɗin, ranar da na kai masa fayafayan ke nan, a bakin wata filaza inda ya ce shagonsa yana sama amma ana fenti, ya tambaye ni ko kyamarar da aka yi ɗaukar da ita tana nan. Na ce tana nan, batirinta ne ya mutu kuma cajar ta ɓata. Sai ya girgiza kai ya ce kada in kuskura in mayar da faifan cikinta, domin tsohuwar kyamara haskenta yana ƙona faifai, har ya nemi in sayar masa da ita naira 5,000 a matsayin kayan gyara. Na ƙi ne kawai saboda ta yayana ce. A tsaye muke, ina riƙe da ledar fayafayan, shi kuma yana kallon ledar, ya sa hannu biyu ya karɓa kamar mai karɓar amana. Ban hau saman ba. Ban ga shagon ba. Da na taka matattakala goma sha biyar da na ga babu shago, amma mutumin da ya hana ni yin fomatin ne, mutumin da ya yi wa mahaifina addu'a ne, sai na ji nauyin nuna masa rashin yarda.

Yanzu na san dalilin tambayar. Wani tsohon ɗalibina da yake aikin tace bidiyon bukukuwa ya zo gaishe ni, na ba shi labari a kunyace, ya yi shiru sannan ya ce, "Malam, ai fayafayan nan ba su mutu ba, rufe su ne ba a yi ba." Ya bayyana mini cewa kyamara tana barin faifan DVD-R ko DVD-RW a buɗe domin a ci gaba da ɗauka a kai, kuma sai an umarce ta ta rufe shi ne take rubuta jadawalin da kwamfuta da na'urar kallo suke bi su gane abin da ke ciki. A allon kyamarar an rubuta umarnin da kalmar "Finalize". Kafin a yi haka kwamfuta tana ganin faifan tamkar fanko. Maganin yana cikin akwatin Hajiya tun farko, wato kyamarar da aka ce mini tana ƙona faifai, wadda aka so a raba ni da ita a kan naira 5,000. Caja muka saya naira 6,500, muka jona ta da wutar janareta domin kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar rufewa, muka rufe fayafayai huɗu a yammaci ɗaya. Wanda aka ɗauki abu kaɗan a kansa ma ya fi ɗaukar lokaci, ɗalibin ya ce haka tsarin yake. Dukkansu huɗun sun buɗe.

Matsalar sauran taran kuwa ba ta kai ta naira ɗaya ba. Hoton da ke cikin VOB tsarin MPEG-2 ne, sautin kuma Dolby Digital, wanda ba kowace manhajar tacewa ce take karanta shi ba, shi ya sa hoto yake shiga ba murya. Tsarin DVD yana yanka fayil idan ya kai kusan gigabait 1, kuma duk lokacin da mai ɗauka ya tsayar da kyamara ya sake kunnawa lissafin lokacin yana iya katsewa, abin da ya sa rabin awa ta koma 'yan daƙiƙoƙi a idon manhajar. Ɗalibina ya kwafe foldar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, ya buɗe ta a VLC, manhajar kallon bidiyo, muka tabbatar da hoto da sauti suna nan, sannan ya juya su zuwa MP4 da wata manhajar juya bidiyo mai suna HandBrake, ya kunna abin da ke gyara layi-layin nan masu kama da haƙoran mataji da suke fitowa idan mutum ya motsa, ya bar su a hoto 25 cikin daƙiƙa kamar yadda tsarin PAL na kyamarar yake. Faifai ɗaya daga cikin huɗun da muka rufe ba shi da VIDEO_TS, folda mai suna DVD_RTAV ce a ciki da fayil mai ƙarewa da VRO, domin an ɗauke shi a ɗaya tsarin da DVD-RW yake yarda da shi, shi ma an juya shi. VLC kyauta ce, HandBrake kyauta ce, kowa yana iya sauke su daga intanet.

Na ce huɗu muka rufe, alhali biyar ne. Bayan naira 42,000 ɗin, ko kuma kafin su da kwana biyu, domin sai na duba saƙonnin zan tabbatar, ya aiko wani mai adaidaita sahu da leda. A ciki akwai fayafayai goma sha uku, da filashi ɗauke da fayilolin VOB ɗin nan dai da na riga na gani, sunansu kawai ya canza, da kuma wani ƙaramin faifai mai farar takarda manne a fuskarsa, wanda ya ce manhajar Jamus ɗin ce ta naira 60,000. Ya ce faifai na goma sha huɗu yana cikin na'ura ana aiki a kansa, gidansa na roba kawai ya dawo. Na tuna, bayan kuɗin ne ya aiko ledar, domin daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba, kwana uku bayan nan kuma ya toshe ni a WhatsApp da Facebook.

Da ɗalibina ya sa faifan manhajar a kwamfuta, sai ya ga HandBrake ce, wadda ake saukewa kyauta, an canza mata suna. Naira 60,000. Ina cikin jin wannan takaicin ya ɗaga faifan ya ce, "Malam, wannan ai DVD-RW ne irin naku." Na sa farce na ɓare gefen takardar a hankali, sai ga shuɗin rubutun yayana a ƙasa, wanda zan gane ko a cikin duhu: "Baba Hajji 2". Mutumin da ya fara magana da ni da cewa kada in yi fomatin, shi ne ya goge faifan mahaifina, ya ɗora manhajar kyauta a kai, ya manna takarda, ya sayar mini da shi naira 60,000. DVD-R ba ya goguwa, DVD-RW kuwa ana gogewa a sake rubutu. Ɗalibina ya kwana biyu yana bin faifan da manhajojin dawo da bayanai, bai samu ko daƙiƙa ɗaya ta bidiyo ba, ya ce cikakkiyar gogewa aka yi masa kafin a yi sabon rubutun. Ban sani ba ko ganganci ne ko rowar sayen faifan fanko, kuma ban ga wanda ya fi sauƙin haɗiyewa ba a cikin biyun.

Na koma filazar. Na hau saman a wannan karon. Shagon ɗinki ne da wurin sayar da turare, kuma babu wanda ya san shi ko ya tuna an yi fenti a bana. Asusun da na tura kuɗin ba sunan da ya gaya mini ne a kai ba, na lura da hakan tun a tiransifa ta farko, ya ce na matarsa ne, na karɓa saboda mutane da yawa suna yin haka. Na kai ƙorafi banki kuma na shigar da rahoto wurin 'yan sanda, shi ya sa aka shawarce ni kada in wallafa sunan da lambar asusun yanzu. Hotunan allo na hirarmu tun daga jimlar farko, da rasit huɗu na naira 35,000 da 60,000 da 48,000 da 42,000, da saƙon muryar da yake yi wa mahaifina addu'a, da hoton faifan da takardar a ɓare rabi, duk suna hannuna, kuma zan ɗora su a nan da zarar an ba ni izini. Mutum biyu daga zauren nan sun riga sun tuntuɓe ni cewa ya yi musu irin wannan maganar, ɗaya a kan kaset ɗin bikinsa.

Mai irin waɗannan fayafayai ya nemi kyamarar ya rufe su da kansa, ya kwafe su zuwa wuri biyu, kuma kada ya ba kowa na asali ko ya biya kuɗin manhaja.

Bikin saura kwana goma sha ɗaya. Mun haɗa bidiyon da fayafayai goma sha uku, kuma a na farkon walimar ana ganin Baba yana saukowa daga mota, ana jin muryarsa yana amsa gaisuwa, sai faifan ya ƙare daidai lokacin da ake shimfiɗa darduma. Yayana ya sani. Hajiya ta tambaye ni jiya ko an samo wurin addu'ar, na ce mata ana kan aiki.