Digirin Lauya da na Aikin Jarida: A Haɗe ko Ɗaya Bayan Ɗaya?

Malam, ka yi tambaya game da ƙanwarka da ke neman gurbin karatu a Ostireliya, wadda ranta ke kan aikin jarida alhali a gida an fi son ta zama lauya, kana so ka ji ko ta ɗauki tsarin da jami'o'in can suke haɗa digirin biyu a lokaci guda, ko kuwa ta kammala ɗaya sannan ta shiga ɗayan. Ra'ayina shi ne, a wannan haɗin karatun lauya ne mai rinjaye nesa ba kusa ba, saboda haka amsar ta dogara ne a kan ko ita da kanta tana da niyyar sa rigar lauya wata rana.

Idan aka yi lissafin shekaru, digirin lauya shi kaɗai yakan ɗauki shekara 4 a can, na sadarwa da aikin jarida kuma shekara 3, wato 7 ke nan idan an jera su. Jami'o'i irin su UTS da UNSW da ke birnin Sidni suna bayar da su a haɗe cikin shekara 5, har ma a UNSW wanda ya fito daga sakandare ba ya karanta lauya sai tare da wani digirin. Abin da takardun tallan jami'o'i ba su cika nanatawa ba shi ne inda shekara 2 ɗin nan suka tafi. Akwai fannoni 11 da dole duk mai son a rantsar da shi lauya a ƙasar ya karanta, waɗanda wani kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Priestley ya tsayar a 1992, kuma a cikinsu akwai dokar laifuka, da ta yarjejeniya, da ta kadarori, da ta kamfanoni, da tsarin mulki, da dokar shaida, da ladubban aikin lauya. Babu jami'ar da ta isa ta taɓa waɗannan, don haka wuƙar takan faɗa ne a kan kwasa-kwasan zaɓi, wato ainihin gurbin da ɗalibin jarida yake amfani da shi ya koyi tattalin arziki ko siyasa ko wani harshe, abubuwan da daga baya suke ba shi abin rubutawa.

Hanya ta biyu ita ce ta yi sadarwa shekara 3, sannan ta shiga digirin lauya na waɗanda suka riga suka gama digirin farko, wanda ake kira JD, shi ma shekara 3. Jami'ar Melbon ta koma wannan tsari gaba ɗaya tun 2008. Ƙarin shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin waje da ke biyan dubun-dubatar dalolin Ostireliya kowace shekara ban da kuɗin haya da na abinci, kuma a nan haɗin ya ci riba ƙarara. Amma wadda ta bi hanya ta biyu tana da cikakkiyar takarda a hannu bayan shekara 3, kuma za ta yanke shawarar lauya ne bayan ta ɗanɗani ɗakin labarai, ba tana ƙaramar yarinya da ta fito daga sakandare ba.

Inda haɗin yake da armashi na gaske shi ne a dokar yaɗa labarai, domin Ostireliya ƙasa ce da shari'ar ɓata suna take da zafi ƙwarai. A watan Satumba na 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar ɓata suna da wani matashi mai suna Dylan Voller ya shigar, cewa kamfanonin jarida da suka sa labari a shafukansu na Facebook su ne mawallafan sharhin da jama'a suka rubuta a ƙarƙashinsa, ko da ba su karanta sharhin ba. Ɗalibar lauya zalla za ta haddace hukuncin ta ci jarrabawa, ɗalibar jarida zalla kuma za ta ji an ce a riƙa lura da sashen sharhi. Wadda ta zauna a ajujuwan biyu ce za ta iya tsayawa gaban edita da ƙarfe goma na dare ta ce masa wannan labarin a sake shi amma a kulle sharhi, wancan kuma a cire layi na uku domin babu shaidar da za ta tsaya a kotu. Haka kuma a 2021 aka ci tarar kamfanonin jarida sama da dalar Ostireliya miliyan 1 jimilla saboda raina kotu, bayan sun yi shaguɓe a kanun labarai game da shari'ar Kadinal George Pell, babban limamin cocin Katolika, lokacin da kotu ta hana a buga komai a kanta. Irin wannan aiki na tantance labari kafin ya fita sana'a ce mai zaman kanta a manyan gidajen jarida, sai dai guraben ba su da yawa, kuma bai kamata a gina shekara 5 a kan zaton samun ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai wahalar da ba a gani sai an shiga, wato salon rubutu. Da safe malamin lauya zai rage mata maki domin ta yanke hukunci ba tare da ta kawo togaciya da hujjar ɗaya ɓangaren ba, da yamma kuma malamin jarida zai ja wa sakin layinta na farko jan biro domin ta ɓoye labarin a bayan togaciya. Wasu wannan yakan goge musu alƙalami, wasu kuma sukan fito da rubutun da lauya yake ganin ya yi sakaci, edita kuma yake ganin ya yi nauyi. Ga kuma batun lokaci: kamfanonin lauyoyi suna duban maki sosai wajen ɗaukar ɗalibai horon bazara, gidajen jarida kuwa abin da ka taɓa bugawa ko ka watsa suke tambaya, kuma hutun guda ɗaya ne. Taura biyu ba ta taunuwa sai ga mai haƙori, kuma a abin da aka saba gani jarida ce take shan kashi, domin faɗuwa a kwas ɗin lauya ya fi tsada.

Sannan kada a ɗauka shekara 5 ɗin ce ƙarshen tafiya. A can sai ta ƙara horon aikin lauya na wasu watanni kafin babbar kotun jiha ta rantsar da ita. Idan kuma gida Najeriya za ta dawo, wanda ya karanta lauya a waje sai ya fara yin zangon farko na Makarantar Horas da Lauyoyi, inda ake cike masa giɓin dokokin ƙasa, kafin ya shiga zango na biyu tare da waɗanda suka yi shekara 5 a jami'o'in gida. Tushen dokar ƙasashen biyu ɗaya ne, wato dokar Ingila, don haka yarjejeniya da diyya ba za su zame mata baƙi ba, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da dokokin gargajiya, da shari'ar Musulunci da ake koyarwa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, duk ba a cikin manhajar Sidni suke ba. Ko a fagen jaridar ma, abin da ke kai ɗan jarida hannun 'yan sanda a nan ya fi zama sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da tanadin ɓata suna a kundin laifuka, ba ƙarar neman diyya irin ta can ba.

Saboda haka, Malam, idan lauya take so ta zama mai ƙwarewa a harkar yaɗa labarai ko haƙƙin mallaka, ta ɗauki haɗin, ya fi arha kuma ya fi sauri. Idan kuwa jarida ce a ranta, lauyan kuma don a kwantar wa gida da hankali ne, ta yi sadarwa shekara 3, ta ɗauki kwas ɗin dokar yaɗa labarai da ke cikinsa da muhimmanci, ta bar ƙofar JD a buɗe. Kafin a biya kuɗin kama gurbi, a rubuta wa jami'ar a tambayi sharuɗɗan sauya sheƙa daga haɗin zuwa digiri ɗaya, da yadda hakan zai shafi bizarta ta ɗalibi, a kuma ajiye amsar a rubuce.