Zaɓen salon rubuta fifikon hanyoyi a rajistar IRR: wanne ya cancanci a dogara da shi?

Duk wanda yake gudanar da cibiyar sadarwa mai lambar AS ta kanta (lambar da ake gane cibiya mai zaman kanta da ita a intanet), kuma yake da mafita fiye da ɗaya zuwa intanet, wata rana dole ya yanke shawarar yadda zai rubuta wace hanya ya fi so bayanansa su bi. Rajistocin da ake ajiye irin wannan bayani, waɗanda ake kira IRR (Internet Routing Registry), kamar na RIPE NCC da AFRINIC da APNIC da ARIN da kuma RADb da Merit Network ke kula da ita, duk suna amfani da harshen RPSL, wanda RFC 2622 ta tsara a 1999, aka kuma faɗaɗa shi da RFC 4012 a 2005 domin ya ɗauki IPv6. Harshen bai tilasta wa kowa salo guda ba. Ma'aunin da nake amfani da shi wajen zaɓe shi ne ko na'ura za ta iya karanta abin da aka rubuta ba tare da mutum ya fassara mata ba, kuma idan ta karanta, ko za ta aikata abin da ake nufi ko akasinsa.

Salon da na fi amincewa da shi shi ne rubuta lambar fifiko ta `pref` ƙarara a kowane layin `import` (layin da ke faɗin hanyoyin da za a karɓa daga maƙwabci) na cikin `aut-num`, wato bayanin lambar AS a rajista, kamar haka:

`import: from AS64500 action pref=10; accept AS64500:AS-CUSTOMERS`
`import: from AS64501 action pref=50; accept ANY`

Layin farko yana cewa a karɓi hanyoyin maƙwabcin farko da na abokan cinikinsa, a ba su fifiko, na biyun kuma yana cewa a karɓi komai daga ɗaya maƙwabcin amma a ajiye shi a baya. Wanda ya yi magana, da abin da aka karɓa, da matsayin da aka ba shi, duk suna kan layi ɗaya, ba sai an je wani wuri neman ma'ana ba. Sai dai akwai tarko a ciki wanda ya kamata a sani tun kafin a fara: a RPSL ƙaramar lamba ce ke cin nasara, tsakanin 0 da 65535, alhali a LOCAL_PREF, wato lambar fifiko ta BGP (tsarin da cibiyoyi ke musayar hanyoyi da shi), babbar lamba ce ke gaba, kuma yawancin rautoci (na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanya) daga 100 suke farawa. Wannan gado ne daga tsohon tsarin RIPE-181, inda lambar take nufin tsadar hanya, mai araha kuwa ita ake so. Manhajar RtConfig ta IRRToolSet tana warware matsalar ta hanyar cire lambar daga 1000, saboda haka 10 ta zama 990, 50 kuma ta zama 950.

Wannan juyin ya taɓa jawo mana asara. Wani kamfani da aka ba aikin haɗa rautocinmu ya rubuta ɗan shirin da yake kwashe lambar `pref` ya zuba ta a LOCAL_PREF yadda take, sai zirga-zirgarmu ta koma kan layin da ake biya da tsada, layin musayar da ba a biyan ko sisi yana zaune ba kowa a kansa. Ba abin da ya katse, ba ƙararrawar da ta yi kuka, sai da takardar biyan kuɗi ta iso aka gane. Tun daga nan, tambayar farko da nake yi wa kowace manhaja ita ce yadda take juya wannan lamba, kuma ba na karɓar amsa da baki, sai na ga abin da ta fitar da idona.

Salon yana ƙara ƙarfi idan aka haɗa shi da tambarin `community`, wanda RFC 1997 ta kawo a 1996. Idan aka ƙara `community.append(64496:100)` bayan `pref`, hanyar za ta shiga cibiyar ɗauke da shaidar inda ta fito, kuma a bakin fita za a iya hana hanyar da aka saya daga wani dillali, wato mai sayar da layin intanet, ta zube wa wani dillalin. Masu lambar AS mai bit 32 za su buƙaci manyan tambura na RFC 8092 ta 2017, waɗanda ƙamus ɗin RPSL na asali ya girme su.

Sauran zaɓuɓɓukan ba su kai nan ba. Bayani a layin `remarks` na mutum ne kawai, na'ura ba ta san da shi ba. Dogara da jerin layuka, wato wanda ya fara dacewa shi ke aiki, yana rushewa ranar da wani ya saka sabon layi a tsakiya. Tsarin `refine` da `except`, na haɗa ƙa'idoji da togace wasu, yana da kyau a takarda, amma masu iya karanta shi ba su da yawa. Shi kuwa `aspath.prepend` (tsawaita hanya da gangan) da `med` (nuna wa maƙwabci mashigar da aka fi so) roƙo ne ake yi wa maƙwabci, kuma tunda BGP yana duba LOCAL_PREF kafin tsawon hanya, maƙwabcin yana iya watsar da roƙon. Ya kamata a san kuma cewa manhajar bgpq4, wadda mutane da yawa ke gina matatar hanyoyinsu da ita, `as-set` (jerin lambobin AS) da `route` (bayanin da ke haɗa rukunin adireshi da lambar AS) take bi, ba ta karanta layukan `import`.

Abin da ya fi zaɓen salo muhimmanci shi ne jabun bayanai. Duk kyawun da `pref` ya yi, yana aiki ne a kan abin da `accept` ya shigo da shi, kuma wasu rajistocin sun daɗe suna barin mutum ya yi rajistar `route` a kan adireshin da ba nasa ba. A watan Agusta na 2022 an saka irin wannan jabun bayani a rajistar ALTDB a kan wani rukunin adireshin Amazon, aka karkatar da masu amfani da Celer Bridge, wani dandalin tura kuɗin kirifto, aka sace musu kuɗi. Idan jabun ya shigo ta cikin `as-set` na abokin ciniki, kai da kanka ne za ka ba shi fifiko mafi girma, domin abokin ciniki ake sakawa a gaba. Haka kuma babu wata lambar fifiko da ke kare mutum daga rukuni mafi ƙanƙanta: a 2008 sanarwar ƙaramin rukunin adireshi (/24) da ta fito daga Pakistan Telecom ta rinjayi babban rukunin (/22) na YouTube, domin rauta tana bin rukunin da ya fi takamaimai kafin ta kalli komai.

Saboda haka a fifita rajistocin hukumomin da suka raba adireshin, domin su ne ke iya tabbatar da mai shi, a kuma yi hattara da abin da ke cikin RIPE-NONAUTH, inda aka ware bayanan da ba na yankin RIPE NCC ba tun 2018. A yi amfani da sunan `as-set` mai ɗauke da lambar AS a gaba, saboda suna maras lamba kowa na iya yin rajistar irinsa a wata rajistar. A tantance kowace hanya da RPKI, tsarin sa hannun dijital a kan adireshi, a jefar da wadda ROA (shaidar da ke faɗin lambar AS da aka yarda ta sanar da adireshin) ta ƙaryata kafin ta kai ga layin da ke raba fifiko, tare da sanin cewa ROA asalin hanya kawai take tabbatarwa, ba ta cewa komai game da wadda za a fifita.