Jaridar gari ko shafin intanet: ina sabon ɗan jarida zai dosa?

Masu shirin shiga aikin jarida sun yawaita wannan tambayar.

A jaridar takarda akwai editan da zai dawo maka da labari har sai ka tabbatar da shi daga majiya biyu. Nan ake koyon ɗauko rahoton kotu da cika wa'adin bugu. Sai dai kuɗin talla ya koma Google da Facebook, ga tsadar takarda, kuma in an tashi rage ma'aikata, galibi da sabo ake farawa.

Shafin intanet kuwa, waya ta isa. Amma kai ne edita, kai ne mai farautar talla, ƙarar ɓata suna ma kai kaɗai za ka amsa.

Mai neman horo ya nufi takarda. Wanda ya tara majiyoyi da masu karatu, intanet ta fi masa.