Ƙamus ɗin Logeion: gwaji da kalmar annuo

Ɗalibin shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke karo da kalmomin Latin, ko ɗan canjin da ya taɓa ƙura wa bayan dala ɗaya ido ya ga ANNUIT COEPTIS a saman hoton ginin dala (pyramid) mai ido, zai amfana da Logeion. Ƙamus ne na intanet daga Jami'ar Chicago, kyauta, kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data.

In ka rubuta annuo zai kawo bayanin ƙamus ɗin Lewis da Short na 1879. Asalinta ad da nuo, ma'anarta gyaɗa kai don nuna amincewa. Daga nan ta zarce zuwa yarda, yin alkawari da sa albarka. Ana rubuta ta adnuo ma. Wanda aka gyaɗa wa kan yana zuwa a sigar datif, aikin da "wa" ke yi a Hausa, ko "ma" a bakin Basakkwace. Shi ya sa coeptis ta ƙare da -is: abubuwan da aka fara ne aka amince wa. Charles Thomson, sakataren majalisar Amurka na lokacin, ya ɗauko jimlar ANNUIT COEPTIS daga baitin Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, a 1782 don hatimin Amurka.

Inda ake tuntuɓe biyu ne. Annuit, wadda siga ce ta annuo, na iya zama mali ko mudari'i, "ya amince" ko "yana amincewa", rubutun iri ɗaya, sai jimla ta raba gardama. Na biyun ya fi kama mutane: annuo ɗin dai siga ce ta annuus, wato na shekara-shekara, daga annus. Mai gaggawa sai ya fassara gyaɗa kai da shekara. A duba ko akwai wani aikatau a jimlar kafin a zaɓa.

A leƙa danginta ma: abnuo da renuo ƙin yarda ne, innuo kuwa yin ishara, uwar kalmar innuendo da lauyoyi ke amfani da ita a ƙarar ɓata suna.

Aibinsa, babu Hausa babu Larabci. Bayanin da tsohon Turanci ne, cunkushe da gajerun sunayen marubuta kamar Cic. da Verg., ga shi a waya ƙananan haruffan na gajiyar da ido. Sabon shiga ya fara da gajeriyar ma'anar da ke sama, wanda ya iya Faransanci kuma ya gangara zuwa ƙamus ɗin Gaffiot, ya fi tsari.