Yazawa, Almon ko Gyaɗa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

A tire ɗaya ake jera su, yazawa da almon da fistashiyo (wata koriyar ƙwaya mai ɓawo) da gyaɗa, kai ka ce 'yan ɗaki ɗaya ne. Alhali a wajen masana tsirrai, in ban da yazawa da fistashiyo da suke dangi ɗaya, kowa da gidansu. Gyaɗa 'yar'uwar wake ce, sai dai ita idan ta yi fure takan sunkuya ta binne kwansonta a ƙasa. Almon kuwa, tuna aduwa: ka tsotse naman, ka fasa ƙwallon, ka tarar da ƙwaya a ciki. To haka yake, ƙwayar cikin ƙwallon wani ɗan itace ce, kuma danginsa na kusa su ne afirikot da fulam, 'ya'yan itatuwa masu nama da ƙwallo ɗaya a tsakiya. Riƙe wannan, don ta nan ake cutar mutane.

Ni dai yazawa nake saye. Danginta ɗaya da mangwaro, asalinta Brazil, Turawan Fotugal ne suka bazu da ita tun ƙarni na 16. Jan abin nan mai ruwa da yara ke sha ba shi ne ainihin ɗan itacen ba, maƙalin ne ya kumbura. Ɗan shi ne lanƙwasasshen da ke rataye a ƙasa, kuma ɓawonsa na da mai mai ƙuna. Duk wanda ya taɓa gasa ta a garwashi yana yaro ya san yadda take saɓule fatar yatsa. Shi ya sa wadda ake ce wa "ɗanya" a shago ma an turara ta kafin a fasa. Muna noma ta sosai a Kogi da yankin Ogbomosho, amma yawancinta Biyetnam da Indiya ake kai wa a ɓare.

Duba lambar jikin leda. W320 na nufin ƙwaya kamar 320 ne a gram 454, W240 ta fi ta girma, W180 ita ce sarauniya, da farashin sarauta. Ɗanɗanon duk ɗaya ne. Don cin gida W320 ta wadatar, idan kuma niƙawa za a yi, sayi fasasshiya ka huta.

Fistashiyo, kusan rabin kuɗinka ɓawo ka saya. Gyaɗa ba ta da abin kunya, amma a tsince duk mai funfuna, domin gubar da ke cikinta hanta take ci, suya kuma ba ta kashe ta.

Almon ne ya taɓa ƙona ni. Na samu kilo ɗaya da arha har ina murna, a gida na tauna wata ƙwaya sai ɗaci ya cika min baki. Ashe an cuɗa da ƙwayar afirikot. Kamarsu ɗaya, sai dai ta afirikot ta fi gajarta da faɗi, kamar zanen zuciya. Mai ɗacin na ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama guba a ciki, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da ƙaramin yaro. Ka ji ɗaci, tofar, ka ɗauke ledar daga gaban yara.

Yazawar ma ba ta tsira ba. Masu sayarwa a kwalba a bakin titi sukan jera manya farare a jikin gilashi, su cusa ɓarɓashi a tsakiya. Wata kwalbar ta yi makonni tana shan rana, man ciki ya tsufa, kana buɗewa ka ji warin tsohon fenti. Wata kuma an sake soya tsohuwa da gishiri don a rufe asiri. Ka ce a zazzage maka a faranti, ka ɗauki ɗaya daga can ƙasa ka karya. Mai kyau ƙas za ta yi, cikinta fari tas, babu garin ƙwari, babu zare kamar yanar gizo. Idan mai kaya ya fara "haba Alhaji, sabuwa ce wallahi" amma ya ƙi cire murfi, miƙa masa kwalbarsa.