Saravana Bhavan: ya dace a kai abokin kasuwanci Ba'indiye?

Saravana Bhavan gidan abinci ne da aka buɗe a birnin Chennai na kudancin Indiya a 1981, yanzu kuma yana da rassa a Delhi da Dubai da Landan da wasu biranen. Babban amfaninsa ga mai hulɗar kasuwanci da Indiyawa shi ne ba a dafa nama ko kifi a cikinsa. Wannan kaɗai ya raba ka da fargabar a ajiye wa baƙonka Bahindu naman shanu a gaba, abin da zai iya ɓata cinikin da aka daɗe ana ƙullawa.

Abincin na kudancin Indiya ne. Akwai dosa, mai kama da sinasir amma ta fi faɗi da ƙarau-ƙarau, akwai idli da ake turarawa daga ƙullun shinkafa da wake, sai thali na rana: faranti guda, shinkafa a tsakiya, ƙananan kwanonin miya da ganye da kindirmo kewaye da ita. Thali ya fi dacewa da zaman farko, don kowa da nasa farantin. Indiyawa da yawa ba sa cin abin da bakin wani ko cokalinsa ya taɓa, saboda haka kada ka ɗebi naka ka zuba wa baƙo da sunan karamci. Ci da hannun dama, miƙa kaya ma da dama.

Inda ake tuntuɓe shi ne baƙo mabiyin addinin Jain, kuma suna da yawa a harkar lu'ulu'u da yadi ta Mumbai da Surat. Rashin nama bai wadatar da shi ba. Ba ya cin albasa da tafarnuwa da dankali, duk abin da ake tonowa daga ƙasa, wasu ma ba sa cin komai bayan faɗuwar rana. Masala dosa kuwa cikinta dankali ne da albasa, miyar sambar ma sau da yawa da albasa a ciki. Tambayi baƙon tun kafin ranar, sannan ka yi magana da ma'aikaci kafin a kawo komai. Idli ko dosa marar haɗi sun fi aminci, kuma zaman rana ya fi na dare.

Ta fuskar tattaunawa, wurin na cin abinci ne a tashi. Ana kawo oda da sauri, jama'a na shige da fice, ba wurin baje takardun kwangila ba ne. Hakan bai zama aibi ba, don a zaman farko hirar iyali da wasan kurket ta fi lissafi amfani. In maganar kuɗi ta taso, tuna a ƙidayar Indiyawa lakh 1 dubu 100 ne, crore 1 miliyan 10. In kuma baƙon ya kaɗa kai gefe da gefe ya ce zai duba, kada ka ɗauka an gama.

Wanda ya gayyata shi ke biya, ko da baƙon ya yi ta ja. A rufe da tatacciyar gahawa ta kudancin Indiya, wadda ake juyewa tsakanin kofin ƙarfe da ɗan kwanonsa har ta huce. Ga babban shugaban kamfani da ke jiran a karrama shi, gara ɗakin cin abinci na otal mai ɓangaren marasa cin nama.